Kifin Mai Ruwa

Idan ka je bakin teku a kudancin Jidda ranar Juma'a bayan la'asar, ka hau sigala, wato doguwar gadar nan da ta miƙe cikin ruwa ta tsaya ba ta kai ko'ina ba, ka ce kana neman Zaharadden, wallahi kallonka kawai za a yi. Amma ka ce Abu Ajina, nan da nan hannuwa za su tashi ana nuna maka can ƙarshe, gindin wata fitila da iska ta karkatar. To shi ne wancan dogon mai malafa, zaren fatsa naɗe a yatsa, bakinsa ba ya hutawa. A masana'antar robobin da yake aikin wuta a Madinar Masana'antu sai ya wuni bai ce uffan ba, daga shi sai wayoyi. Amma da ya taka sigala sai ka rantse wani mutum aka sauya. Ya tsokani Bamisire, ya tsokani ɗan Yaman, ya yi wa kifin da bai ma gani ba kirari da Hausa.

Abin da mutanen sigala ba su sani ba shi ne, mutumin nan da suke zuwa tambaya wane koto ya dace da ruwan yau, a gidan ubansa ba a sa shi cikin masu kamun kifi. Ko kusa!

Ɗan Sarkawa ne, daga wani ƙauye a bakin kogin Kwara ƙasa da Yauri. Mahaifinsa, Malam Abdulbaƙi, masunci ne irin wanda in ya dubi ruwa da safe ya ce yau a zauna gida, to a zauna ɗin. Mutum ne kuma mai ƙa'ida har ta yi yawa. In ya je su a ruwan wasu, kifin farko ba nasa ba ne, komai girmansa. Sai ya nemi mai ruwan, ya kai masa da hannu biyu, sannan ya dawo ya kama na kansa. Yayyen Zaharadden duk a cikin kwale-kwale suka yi wayo. Shi kuwa Allah Ya yi shi da wani irin ciki, da jirgi ya fara rawa sai jiri, sai amai. Tun ana dariya har aka gaji aka daina. Ranar da ya kifar da ƙwaryar koto a tsakiyar kogi, Baba bai dake shi ba, ko murya bai ɗaga ba. Ya juya jirgi, ya kawo shi gaɓa, ya miƙa wa mahaifiyarsa ya ce, "Karɓi abinki. Wanga ɗan tudu ne." Ya koma ruwa da sauran.

Ɗan tudu. Sunan nan ya bi shi makarantar koyon sana'a, ya bi shi Kaduna, ya biyo shi har Jidda. Ba wai Baba ba ya son sa ba ne, a'a. Yana sa masa albarka, yana nuna wa baƙi rufin kwanon da ɗan tudu ya yi wa gida. Amma da hira ta juya kan ruwa sai ya juya fuska wajen manyan, shi kuma Zaharadden ya koma kamar baƙo a tsakar gidansu. Abin yana cin ransa ƙwarai, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekararsa ta farko a Jidda, Juma'a ce ta fi ba shi wahala. Gidan ma'aikata a Khumra, kowa ya kwanta da waya a hannu, ga zafi, ga kewar iyali. Wata rana abokan aiki suka ja shi yawon bakin teku. Yana hawa sigala, ya yi tafiya ya yi tafiya, sai ya tsaya cak. Ruwa a damansa, ruwa a hagunsa, ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa mai zurfin da ba a ganin ƙasansa, amma wurin da yake tsaye ko motsi ba ya yi! Ya buga ƙafa. Shiru. Ya jira cikinsa ya juya kamar yadda ya saba. Ina! Lafiya lau. Sai ga shi yana dariya shi kaɗai kamar wanda ya zautu. Ashe akwai inda ɗan tudu zai tsaya a tsakiyar ruwa ya jefa ƙugiya!

Juma'ar da ta biyo, sai ga mutuminka da zare da ƙugiya da kwano rufe da leda. Ya je unguwar Kurayyat wajen matan Hausawa masu kayan miya ya samo daddawa da ƙuli-ƙuli, ya haɗa da gari, ya kwaɓa ya mulmula, daidai yadda ya ga Baba yana yi wa tarwaɗa. Yana buɗe kwanon nan sai wari ya tashi, mutane suka fara waige. Ya jefa. Kafin ƙugiya ta kai ƙasa igiyar ruwa ta wanke ta tas. Ya sake, wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye masu launi suka taru suka yi biki. Haka ya yi ta yi har yamma, ana ta ƙus-ƙus ana ƙunshe dariya.

Wanda ya kasa ƙunshewa shi ne mai sayar da koto a bakin sigala. Wani gajeren dattijo ne, Bahaushe haifaffen Jidda, kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Sunansa Abdulghaffar, amma Hausawa Maiturare suke ce masa, saboda ƙarnin kifinsa yana riga shi isa wuri. Ya zo ya leƙa kwanon, ya toshe hanci, ya ce da irin Hausarsu mai ratsin Larabci, "Ya shekh, wannan esh, mene ne? Fura za ka dama wa kifin hamur?"

Sigala ta kwashe da dariya, har waɗanda ba su ji Hausa ba. Wani ya ce "Abu Ajina!", wato mai ƙullu, sunan kuwa ya zauna daram. Zaharadden ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma bai gudu ba. Ya ɗauki kwanonsa ya bi Maiturare har wajen akwatin ƙanƙararsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, koya mini."

Ya kuwa koya. Kifin kogi hancinsa yake bi, na teku nama yake so, kuma yana son ya ga abu yana motsi. Gambari, wato jatan lande, daɗi gare shi, kifin shu'ur ba ya wuce shi, amma ƙananan kifi suna tsige shi kafin manya su iso. Sardin mai ne da shi, yana kira daga nesa, sai dai ba ya daɗewa a ƙugiya. Sarkinsu habbar, dabbar nan mai laushi mai hannuwa barkatai. Shi ma ba kowanne ba. Ka danna shi da yatsa, in ya dawo to na yau ne, in ya lotsa ko ya fara ja-ja, mayar wa mai shi. A feɗe shi ya fito fari tas, a yanka shi dogo mai tsini, a soka sau biyu, a bar wutsiyar tana rawa a ruwa. Shekara ta bi shekara, har ya zama in Maiturare ya tafi salla, Abu Ajina ake bar wa akwati. Ya san kowane dutse a ƙarƙashin fitilar nan tasa, ya san ramin da hamur, babban kifin nan na gindin dutse, ke laɓewa. Da ya je hutu gida ya ɗan gwada ba Baba labari, sai tsohon ya yi murmushi ya ce, "Kamun kifi bisa gada? To, Allah Ya ba da sa'a." Ya juya ya ci gaba da gyaran taru.

Ana nan sai babban wansa ya bugo waya. Baba zai zo Umra! Kuma in sun gama, ayarinsu zai wuni a Jidda ranar Juma'a, washegari su tashi. Wan nasa ya ce, "Ga saƙonsa kuma. Ya ce a faɗa wa ɗan tudu yana son ya ga tekun nan da ake faɗi, ya sa ƙugiyarsa ciki ko sau guda kafin ƙasa ta rufe idonsa."

Kai, zo ka ga murna! Zaharadden ya kasa zaune ya kasa tsaye. A wurin aiki har kafilinsa, wato ubangidansa, ya tambaye shi ko haihuwa aka yi masa. Ya wanke motar abokinsa da ya ara har tana ɗaukar ido. Ya sayo kujera mai naɗewa. Ranar Juma'ar tun da hantsi yana wajen Maiturare yana danna habbar ɗaya bayan ɗaya, wannan bai yi ba, wancan idonsa ya dushe, har Maiturare ya ƙule ya ce, "Halas mana! Aure za ka yi da shi?"

Da ya je masauki ɗaukar Baba bayan an sauko Juma'a, sai da gabansa ya faɗi. Tsohon ya ƙanƙance. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai abu ya matso kusa, hannuwansa kuma suna rawa. Amma muryar tana nan yadda take. Ya shafa fuskar ɗansa, ya sa masa albarka, suka shiga mota. Suna hanya sai Baba ya laluba aljihun jallabiyarsa ya ciro wani ƙulli a tsumma, ya kwance shi a kan cinya a hankali, fuskarsa cike da jin daɗi.

Warin daddawa ya cika motar.

"Da hannuna na haɗa," in ji Baba. "Na shanya shi bisa rufin kwanonka. Ba kifin da ya taɓa ƙin shi tun ina saurayi. Yau na teku ma za su ɗanɗana."

Zaharadden ya riƙe sitiyari ƙam. Ga habbar ɗinsa fari tas a bayan mota cikin ƙanƙara, ga kuma abin da aka yi masa dariya a kansa, a cinyar mahaifinsa. Ta ina zai fara? Ɗan da aka sauke a gaɓa ne zai dubi Malam Abdulbaƙi ya ce masa kotonsa ba ya yi? In kuwa ya yi shiru, tsohon nan zai koma gida hannu rabbana daga jifa ɗaya tilo da ya roƙa a rayuwarsa, kuma ba dawowa zai yi ba. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Allah Ya sa albarka, Baba."

Amma da suka iso, Baba ya taka sigala, iskar teku ta buge shi, sai Zaharadden ya manta da damuwarsa na ɗan lokaci. Tsohon ya tsaya ya buɗe hanci ya shaƙa. Ya ce a ɗebo masa ruwan. Aka zura gwangwani da igiya aka ɗebo, ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutse fuska, ya fashe da dariya. "La'ilaha illallahu! Wa ya zuba ma wanga ruwa gishiri haka? Ina ɗaya gaɓar?"

"Ba a ganin ta, Baba. Sudan ce a can."

"Sudan! Allahu Akbar. Kai ni ƙarshe, kai ni ƙarshe!"

Ya manta da sandarsa, yana tafe yana sauri har Zaharadden na riƙo shi. Mutanen sigala suna ta gaisuwa, "Ahlan ya Hajj! Abu Ajina, mahaifinka ne? Masha Allah!" Ya zaunar da Baba a gindin fitila, ya koma da gudu wajen Maiturare ya raɗa masa abin da ke cikin tsumman. Maiturare ya dafe kai. "Shi ma? Ashe gado ne!"

"Don girman Allah, ka faɗa musu kada wanda ya yi dariya."

"Halas, ba wanda zai buɗe baki. Amma ka sani, ya waladi, rana ba za ta tsaya jiran kunyarka ba."

Da ya dawo ya tarar Baba ya jiƙa dunƙulen kotonsa yana ƙoƙarin sawa a ƙugiya. Ƙugiyarsa ce ta gida, baƙa, tsohuwa, wadda Zaharadden bai taɓa samun izinin taɓawa ba. Hannun yana rawa, tsinin yana kuɓucewa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Can sai ya miƙo ba tare da ya ɗago kai ba.

"Sa mini."

Zaharadden ya karɓa da hannu biyu. Ya mulmula, ya sa, ya miƙa. Baba ya miƙe tsaye, ya kaɗa zare bisa kansa ya wurga, kuma wallahi jifar ta yi kyau, har Bamisiren da ke gefe ya ce "Allah!" Da zaren ya zauna a yatsarsa sai rawar hannun ta ɗauke ɗif, kamar ba shi ba.

Sai dai abin da Zaharadden ya sani shi ya faru. 'Yan ƙananan nan masu launi suka taru. Baba ya ji tsattsaga, ya fizga, ƙugiya ta fito fayau. "Sa mini." Ya sa. Ta sake fitowa fayau. "Suna nan, suna nan," in ji Baba, "wasa suke, manyan na tafe." Mutane suna satar kallo suna kawar da kai, ba wanda ya yi ko murmushi, kuma wannan shirun ya fi dariya ciwo. Kama-kama ƙullin tsumma ya yi rabi. Rana ta yi ja ta fara gangarawa. Baba ya koma kan kujera, kafaɗunsa suka sauka, ya ce a hankali kamar mai magana da kansa, "Ko dai hannun ne ya mutu?"

Maganar nan ta soki Zaharadden har cikin rai. A'a, wallahi ba zai yiwu ba. Ba zai bar mutumin nan ya hau jirgi gobe yana zaton hannunsa ya mutu ba.

"Sa mini," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

Zaharadden ya karɓi ƙugiya, ya juya baya kamar mai kare iska. Ya ɗaga murfin akwatin ƙanƙara da gwiwa, ya zaro habbar ɗin nan da ya fi kowanne, ya yanka dogo mai tsini, ya soka sau biyu. Zuciyarsa tana bugawa kamar ɓarawo a rumbu. Bai miƙa ƙugiyar ba, sai ya ce, "Baba, bari in sauke maka ita nan kusa, gindin ƙarfen nan. Ruwan ya fi kwanciya." Ya zura ta daidai bakin ramin da ya sani, ya ɗora zaren a yatsar tsohon.

Ba a daɗe ba. Zaren ya yi wani irin nauyi, sannan ya fizge hannun Baba ƙasa har ya bugi ƙarfen sigala.

"Kai!" Baba ya zabura tsaye, kujera ta kife. "Ga shi! Ga shi nan! Babba ne!"

Sigala ta ɗauka. "Hamur! Hamur!" Mutane suka yar da sandunan fatsarsu suka rugo. Maiturare ya bar akwatinsa a buɗe yana gudu yana riƙe da zani. Baba kuwa fuskarsa ta koma ta saurayi, ya gyara tsayuwa, ya fara yin abin da ya yi duk rayuwarsa in giwan ruwa ta kama: ya sassauta yatsu, yana sakar wa kifi zare ya gudu ya gaji.

Zaharadden ya ga zaren yana sulalewa, hankalinsa ya tashi. Giwan ruwa fili take nema ta yi gudu. Hamur ba ya gudu, raminsa yake komawa, in ya shige ya buɗe kunnuwa ya tokare, dutse ya yanke zare, shi ke nan an yi asara. Bai san lokacin da muryarsa ta fita ba.

"Baba kada ka saki! Ja!"

"Bari shi gaji, yaro, mi ka sani..."

"Ba ya gajiya! Rami zai shiga! Na ce ka ja!"

Ya damƙi wuyan hannun mahaifinsa. A gaban jama'a! Shi da ko inuwar Baba ba ya takawa. Tsohon ya juyo ya dube shi da idon nan guda mai gani, kallon da Zaharadden ya sani tun yana yaro. Ƙiftawar ido ɗaya ce, amma ta yi masa tsawo. Sai Baba ya dunƙule hannu a kan zare, ya ja.

"Haka! Ƙara! Kada ka ba shi ko taƙi!"

"Shidd, ya Hajj, shidd!" Maiturare yana ihu yana tsalle. "Yalla! Yalla!"

Hannu huɗu a kan zare ɗaya, uba na ja ɗa na karɓa. Zaren yana kuka, yana yankar tafin Zaharadden, ko ji bai yi ba. Kifin ya yi ƙasa da ƙarfin tsiya, suka tokare ƙafa. Ya sake yunƙurawa, har suka ji zaren ya goga dutse, kowa ya ce "Ya Rabb!" Sai nauyin ya saki ƙasa ya fara tasowa. Baba yana haki yana kirari, irin kirarin da yake yi a Kwara, yana kiran sunayen kakanninsa. Can sai ga wani abu ja-ja mai ɗige-ɗige ya bayyana a ƙarƙashin ruwa, baki wangame kamar tukunya. Ɗan Yaman ya zura ragar ɗauka da igiya, aka tallabo shi, mutum uku suka jawo, ya faɗo kan sigala tim!

Wayyo, ihu! Wani na tafi, wani na kabbara, wayoyi sun tashi ana ɗaukar hoto. Bamisiren nan ya rungume Baba ya sumbaci kansa. Maiturare yana zagaya kifin yana cewa rabon da ya ga irinsa a wannan sigala tun gemunsa na baƙi.

Baba ya durƙusa. Ya shafa kifin daga wutsiya zuwa kai, yana jin kaurinsa, yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya kai hannu bakinsa don ya cire ƙugiya. Sai yatsunsa suka taɓa wani abu fari mai santsi yana reto. Ya tsinke shi, ya murza, ya kai hanci. Dariyar ta tsaya.

Zaharadden ya durƙusa shi ma, kansa a ƙasa.

"Wanga ba kotona ba ne."

"Ba shi ba ne, Baba."

"Tun yaushe ka san nawa ba ya yi nan?"

"Tun ranar da na fara zuwa. Irinsa na kawo, aka yi ta yi mini dariya. Sunan nan da ka ji suna kirana da shi, daga nan ya samo asali."

"Ka zauna kana kallona ina ciyar da 'yan tsaki tun la'asar."

"Na kasa faɗa maka ne, Baba. Ka yafe mini. Da tsawar da na yi maka."

Baba ya cire ƙugiyarsa ya ajiye a gefe. Mutanen da ke kewaye ba su ji Hausa ba, amma sun ga fuskokin, sai hayaniya ta lafa. Maiturare kaɗai ya ji, shi ma ya ja bakinsa ya tsuke, abin da bai saba ba.

Sai tsohon ya zura hannu ɗaya a kunnen kifin, ɗaya a ƙarƙashin cikinsa, ya yunƙura zai miƙe. Nauyi ya rinjaye shi ya yi taga-taga. Zaharadden ya zabura zai tallafe shi.

"Ba taimako na nema ba," in ji Baba. "Tashi tsaye. Buɗe hannunka biyu."

Ya miƙe ya buɗe, bai gane ba tukuna. Baba ya daddage ya ɗaga kifin nan, ya taka ɗaya, ya ɗora shi a kan hannuwan ɗansa.

"Kifin farko na mai ruwa ne."

Zaharadden ya tsaya rungume da hamur, ruwa da yauƙi suna bin farar jallabiyarsa ta Juma'a. Gemu da furfura, a gaban abokan tsokanarsa, hawaye suka ɓalle masa shar, kuma bai ji kunyar kowa ba. Maiturare ya juya yana fassara wa jama'a da Larabci, yana goge ido da bayan hannunsa mai ƙarni.

Baba kuwa har ya koma ya tayar da kujerarsa, yana laluben ƙugiya a ƙasa. Ya same ta, ya ɗaga kai ya dubi inda jan rana yake.

"Ba ta faɗi ba tukuna. Aje shi cikin ƙanƙara, Zaharadden, ka yanko mini irin naka. Ka matso da shi kusa da idona in ga yadda kake soka shi. Yanzu zan kama nawa."